Muryar Inna a cikin kile

Ƙanena da ke cirani a Abijan ne ya aiko mana da talabijin ɗin, cikin kwali mai faɗin ƙyauren ɗaki. Motar da ta ɗauko shi ta sauke shi a Madawa, daga can na goyo shi a bayan babur har ƙauyen da nake koyarwa a ƙasar Buza, ina rungume da shi kamar jinjiri, mai babur yana ta kaucewa ramuka. Saƙon muryar da ya biyo baya cewa yake: "Yaya, wannan ba irin telen da ka sani ba ne, mai wayo ne, har intanet yana shiga." Intanet kuwa a garinmu sai mutum ya hau tudu ya ɗaga waya sama. Don haka duk wayon akwatin ya dawo kan wata ƴar kafa da ke bayansa, inda ake soka kile, wato abin da ƴan'uwanmu na Najeriya suke kira filas.

Mako biyu na farko wahala kawai muka sha. Hasken gilashin yana kashe ido, jan launi ya yi ja har fuskar mutum kamar an shafa mata manja, ga wani rubutu da ke fitowa a gefe lokaci-lokaci yana yabon akwatin da kansa. Batirin solarmu, wanda da yake kai mu asuba da fitila uku, ya koma mutuwa kafin a gama hirar dare. Sai da na zauna da telekomand wata Asabar, na bi saitin layi-layi, sannan na gano an bar shi a kan abin da suka kira "Mode magasin", wato yanayin kanti. Masu ƙera waɗannan akwatuna suna sa musu wannan yanayi don su yi ƙyalli a gaban mai saye a cikin shago mai fitilu da yawa. Ina mayar da shi yanayin gida tallar ta ɓace. Na sauya hoton daga "Dynamique" zuwa "Standard", na rage "Rétroéclairage" zuwa rabi. Wannan kalma mai tsawo fitilar da ke bayan gilashin take nufi, kuma ita ce take shan kaso mai yawa na wutar. Duk mai aiki da sola ya fara daga nan. Daren nan batirin ya kwana da rai.

Amma ba don kallon ƙwallo na yi murna da akwatin ba. Akwai abin da na daɗe ina so in nuna wa ƴan ajina.

Mu mutanen ƙasar Keita ne, wajen Tamaske. Wanda ya san Adar ya san abin da fari ya yi mata a 1984, shekarar da tsofaffinmu har yau suke kira El-Buhari. A wannan shekarar aka fara babban aikin raya karkara na Keita, da kuɗin ƙasar Italiya da jagorancin hukumar FAO, ana biyan masu aiki da abincin da hukumar PAM take kawowa. An jera duwatsu a kan fako don tare ruwa, an haƙa ramuka a jikin tuddai an shuka itace, an gina madatsai a cikin ƙoramu. Maza da yawa sun riga sun tafi neman abinci a wasu ƙasashe, saboda haka mata ne suka ɗauki mafi yawan aikin a kansu, kuma a kan nasu ɗin na gaske, da gammo da kwano. Mahaifiyata tana cikinsu.

A ranin 2021 na je gida hutu, na zaunar da ita a gindin zaure da la'asar, na jingina waya a jikin tukunya na ce ta ba ni labarin. Da farko ta ƙi. Tun da na fara koyarwa ba ta ƙara kirana da komai ba sai Mushe, rabi girmamawa rabi tsokana. Ta ce: "Mushe, mi za ka yi da zancen duwatsu?" Da ta fara kuwa sai da ta yi minti arba'in da ɗoriya. Ta faɗi yadda suke fita kafin rana ta ɓullo, da yadda ake auna musu abinci, da sunayen tuddan da suka yi aiki, da matan da suka haihu a lokacin suka koma aiki da goyo. Da damina ta wannan shekarar Allah ya karɓi abinsa.

Na kwashe bidiyon daga waya na zuba a kile don wayar ta cika, na goge na cikin wayar. A lokacin gani nake na adana shi. Kilen ya zauna cikin aljihun jakata wajen shekara biyu.

A littafin da muke koyar da ƴan CM2 akwai darasin zaizayar ƙasa da gurgusowar hamada. Kowace shekara nakan zana tudu a allo, in zana kibiyoyi suna gangarowa, yara su kwafa da Faransanci su haddace. Alhali kakanninsu ne suka yi yaƙin da hannunsu, domin daga baya aikin Keita ya faɗaɗa ya shigo ƙasar Buza, ga kuma layukan dogon yaro na fadamar Majiya da aka fara shukawa tun 1975 don karya iska, suna nan tsaye yara na wucewa ta gindinsu. Kuma koyarwa da talabijin ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Tun 1964 Nijar ta fara gwajin talabijin na makaranta, tana cikin ƙasashen Afirka na farko da suka gwada, aka yi ta yi har wajen 1979. Wani tsohon daraktan da na fara aiki a ƙarƙashinsa yakan ce wancan zamanin daga Yamai darasi yake zuwa, malami nasa ya kunna ya kashe. Ni kuwa ga shi an ba ni akwatin da zan zuba masa abin da na ga dama. Na ce to, Inna ce za ta koyar da darasin bana.

Wani yammacin Alhamis na soka kilen don gwaji. Sunan bidiyon ya fito, na danna. Gilashi ya yi baƙi ƙirin, sai ga muryarta ta cika ɗakin, tana gyaran murya tana cewa in matsar da wayar kada akuya ta ture ta. Hoto babu. Wani ɗan rubutu ya fito a ƙasa yana cewa ba a san irin wannan bidiyon ba. Matata ta fito daga madafa da ludayi a hannu ta tsaya bakin ƙofa. Ni kuwa maimakon in zauna in saurara, haushi ne ya kama ni. Na tsayar da shi bayan minti ɗaya ko biyu, na zare kilen na sake sokawa ko zai gyaru, sai aka kira magariba. Na bar shi a jiki na tafi masallaci.

Babban ɗana shekararsa goma sha ɗaya a lokacin, kuma shi ne na ɗaya a ajinsu wajen karatu. Ya ga ran babansa ya ɓaci, ya so ya gyara kafin in dawo. Irin waɗannan akwatuna masu tsarin Android, idan aka soka musu kile, sukan tambayi mutum yadda yake so a yi amfani da shi: ko a bar shi abin sokawa da zarewa, ko a mayar da shi wani ɓangare na ma'ajiyar akwatin. Yaron ya ga zaɓi na biyu, ya yi tunanin idan bidiyon ya zama na cikin akwatin dole ya buɗe. Ba tunanin banza ba ne. Ya danna. Gargaɗi ya fito. Ya danna kuma.

Da na dawo ya tare ni a ƙofa yana murmushi: "Baba, na gyara, yana ta lodi."

Ba zan rubuta duk abin da na faɗa masa a daren ba. Ban ɗaga hannu ba, amma da na ɗaga da ya fi masa sauƙi. Ya kwana bai ci tuwo ba, ni ma haka.

Washegari bayan Juma'a na kama hanyar Madawa, wajen wani saurayi mai gyaran waya da zuba fina-finai a kasuwa. Ya sa kilen a kwamfutarsa, ya bar wata manhajar tono abin da aka goge tana aiki har la'asar. Ba ta tono komai ba. Ya ce da gogewa ce ta yau da kullum da akwai fata, domin sau da yawa sunan kawai ake sharewa, kayan na nan kwance har sai an zuba wani a kansa. Amma idan akwatin ya mayar da kile ma'ajiyarsa, sake masa tsari yake yi gaba ɗaya ya kuma kulle shi, ta yadda ko wata na'ura ba za ta karanta shi ba.

Shi ne kuma ya fahimtar da ni abin da ya hana hoton fitowa tun farko, kuma na ga ya kamata in maimaita shi a nan, domin na san malamai da yawa sun gamu da shi sun ɗauka akwatinsu ne ya lalace. Ya ce: "Mushe, ka ga MP4 ɗin nan da ke ƙarshen suna? Ƙwarya ce kawai. Abin da ke cikin ƙwaryar daban." Bidiyo biyu za su iya zama MP4 dukansu, amma an matse hoton ɗaya da tsarin da ake kira H.264, ɗayan da H.265, wanda kuma ake kira HEVC. Na biyun ya fi sabo, ya fi rage cin wuri, shi ya sa wayoyi da yawa suke ɗaukar bidiyo da shi idan an kunna zaɓin tsimin wuri a saitin kyamara. Na farkon kuwa kusan babu akwatin da bai san shi ba. Muryar da hoton kowanne matsarsa daban a cikin ƙwarya ɗaya, shi ya sa akwatina ya gane muryar Inna ya kasa gane fuskarta. Gyaran bai wuce a sa bidiyon a wata manhaja ta kyauta, HandBrake, a juya shi zuwa H.264 ba. Aikin awa ɗaya, kuɗinsa bai kai jaka guda ba. Da na zare kilen na sa a aljihu na tafi sallah, da shi ke nan.

Ya ƙara mini da wani abu da ban tambaya ba, cewa kile da yawa suna zuwa da tsarin FAT32, wanda ba ya karɓar bidiyo ɗaya da ya wuce giga 4, kuma in zan sauya shi zuwa exFAT ko NTFS in yi a kwamfuta bayan na kwashe kayana, kada in taɓa barin talabijin ya yi mini. Na ce masa wannan nasihar ta makara da kwana ɗaya.

A kan hanyar dawowa, a bayan mota tsakanin buhunan albasa, wani abu ya riƙa cina wanda ya fi rashin bidiyon. Gargaɗin ya fito a gilashi ƙarara, cewa duk abin da ke ciki za a goge. Yarona ya karanta shi. Na tabbata ya karanta shi da kyau, da lafazi mai daɗi, irin wanda nake ba shi maki tara cikin goma a kansa. Da na tambaye shi daga baya, cikin lallashi, me "formater" take nufi, sai ya ce yana jin daga "forme" take, wato a gyara wa abu siffa. "Effacer" kuwa ya san ta, amma a wajensa goge allo ce, abin da ake yi kullum a sake rubutawa. Ni na koya masa karatun nan, ko ire-irena. Shekara biyar muna sa su furta kalmomi, muna jin daɗin sautin, ba mu tsayawa mu ce to, faɗa mini da Hausa me aka ce. Ranar da karatun ya tashi yi masa amfani a cikin ɗakin ubansa, sai ya zama baki ya iya, kai bai ji ba. Kuma a cikin jerin harsunan da akwatin ya zo da su, na duba har ƙasa, babu Hausa, duk da miliyoyin da ke magana da ita daga Tawa har Kano. Wannan ma abin faɗa ne, amma ba shi zai wanke ni ba.

Kwana uku ban iya gaya wa ƙanena ba. Da na gaya masa ya yi shiru har na ɗauka layin ya yanke. Can ya ce: "Yaya, ba ka taɓa turo mini wani yanki ba, lokacin rasuwa?" Wallahi na manta. A kwanakin zaman makoki na yanko masa gutsure uku na tura ta WhatsApp, gajeru-gajeru, don a lokacin manhajar ba ta ɗaukar bidiyo mai nauyi. Ya sauya waya sau biyu tun daga nan, amma matarsa ta tura wa kanta, kuma tata wayar na nan. Daren nan na hau tudu na tsaya cikin sanyi har suka sauko. Duka-duka minti shida da ƴan daƙiƙu, daga cikin arba'in da ɗoriya.

Na soka su a akwatin, a wani sabon kile, suka buɗe nan take, hoto da murya. WhatsApp yakan matse bidiyo ya juya shi zuwa H.264 kafin ya tura, wato lalatawar da ya yi wa hoton ita ce ta sa akwatin ya gane shi. Fuskar ta yi dishi-dishi, zanen mayafinta ya narke ya zama launi ɗaya. Kuma akwatin ya ja hoton ya cika gilashi, har Inna, wadda siririya ce duk rayuwarta, ta zama mai faɗi kamar randa. Na shiga "Format de l'image" na mayar da shi girmansa na asali. Ta koma ƴar ƙarama a tsakiya, baƙi dama da hagu, amma ita ce.

Na yanke shawarar in rubuta maganarta a ƙasan hoto, da Hausa, don yara su ji kuma su gani a rubuce. Ana yin wannan da ɗan fayil na rubutu mai ƙarewa da .srt, a ba shi suna iri ɗaya da na bidiyon, a ajiye su wuri guda. Dare huɗu na yi ina tsayarwa ina rubutawa, kuma yarona ne ya riƙe mini telekomand, shi ke tsayarwa shi ke komarwa baya. Ba mu yi zancen abin da ya wuce ba. Da muka gwada sai duk inda ƙ ko ɗ ko ɓ ko ƴ take, wasu alamomi marasa ma'ana suka fito. Saurayin Madawa ya ce in adana fayil ɗin da tsarin UTF-8. Na yi, alamomin suka tafi, amma ƴan murabba'ai suka maye gurbinsu, domin salon baƙaƙen da ke cikin akwatin ba shi da haruffanmu masu lanƙwasa. Wani abokin aiki ya ce in cire lanƙwasar kawai, ai za a gane. Na ƙi. Ba zan shekara ina gyara wa yara bambancin "ƙasa" da "kasa" ba sannan in nuna musu uwata tana cewa sun tare kasa da duwatsu. A ƙarshe saurayin ya manna rubutun a jikin hoton da kwamfutarsa, ta yadda akwatin ba ruwansa da haruffa, hoto kawai yake gani.

Kafin ranar nunin na ɗauki wani mataki da nake roƙon kowane malami da kowane uba ya ɗauka. Kilen makaranta daban, ba abin da ke cikinsa sai darasi. Waɗannan akwatuna ba su da kunya: kana soka kile ko katin waya za su baje ƙananan hotunan duk abin da ke ciki a gilashi, kafin ka zaɓi komai. Na taɓa halartar wani suna inda aka karɓi katin wani matashi don a nuna hotunan biki, abin da ya bayyana a gaban surukai ba ya maimaituwa. Katin da ya zaga shagunan masu turi ba ka san me aka zuba masa ba, ko da kai ka saya. Na kuma sauya lambar sirrin akwatin, wadda galibi take zuwa a 0000 ko 1234, lambar da kowane yaro ya sani kafin ubansa. Sai dai kada uwaye su dogara da ita, domin tashoshi da manhajoji take kullewa, a nawa akwatin dai ba ta hana a buɗe abin da ke cikin kile. Wannan sai ido.

Mun yi nunin wata Laraba bayan isha'i a filin lakwal, da izinin darakta da kwamitin uwaye. Muka ɗora akwatin a kan tebur biyu, batir a ƙasa. Na sa sautin a kan zaɓin da ke fito da muryar mai magana, na kashe saitin da ke kashe akwatin da kansa idan an daɗe ba a taɓa shi ba. Na yi zaton ƴan ajina ne da uwaye kaɗan, sai ga rabin gari, mata a gefe guda da tabarminsu.

Gutsure na uku shi ne ya fi tsawo. A cikinsa Inna tana cewa: "Mazan duk sun tahi biɗa. Mu munka ɗauki duwatsun, tun da sahe har rana ta take. Wanda ag gaba shina aza ma na baya, in kin aje ki koma. Ran da ruwan hwarko sunka zo, munka tahi mu gani ko jerin ya tsaya, sai munka iske..." A nan ya yanke. A nan na yanke shi da hannuna shekara biyu da suka wuce, don ya shiga WhatsApp. Na san ta faɗi abin da suka iske, na tuna tana dariya a wurin, amma kalmomin sun tafi.

Filin ya yi tsit. Sai wata tsohuwa daga cikin mata, kakar wata ɗalibata, ta ce ba tare da ta tashi ba: "Ruwa sunka iske kwance bayan duwatsu, ɗana. Hwako da bai taɓa riƙe ruwa ba. Mu ma haka munka gani nan." Wata ta ce a'a, a nasu wurin jerin farko karyewa ya yi, sai da aka sake. Gardama ta kaure tsakanin tsofaffi huɗu a kan girman dutsen da ake sawa a ƙasa da wanda ake ɗorawa, yara sun juya wa akwatin baya suna kallon kakanninsu. Yarinyar nan ɗalibata ta riƙe baki, ba ta taɓa jin kakarta ta yi wannan aikin ba.

Na laluba aljihu na fito da waya, sai yarona ya karɓe ta daga hannuna. Ya shiga saitin kyamara ya duba zaɓin tsimin wurin nan a kashe yake, sannan ya matsa kusa da tsohuwar ya durƙusa, ya ce: "Kaka, ki sake daga farko." An yi minti talatin da biyar. Yanzu yana cikin kile biyu, da kwamfutar darakta, da wayar matar ƙanena a Abijan.